Ɗanyen Dutsen Birnin Rawaya

Can arewa, inda gonaki suka ƙare duwatsu suka fara, akwai wani tsauni da ake kira Ƙirin. A cikin cikin tsaunin nan aljannu suka kafa birninsu, ba da ƙasa ba, ba da itace ba, da wani dutse rawaya mai falle-falle, wanda ruwa ke kwance tsakanin kowane falle da ɗan'uwansa. Mutum biyu kaɗai suka taɓa shiga birnin suka fito da rai, wa da ƙanensa. Duk mai irin ciwon da ya kama wan, ya saurara da kyau.

Sunan garinsu Tungar Zartsi, kuma sunan ya dace da shi, don ruwan garin duk zartsi ne. Da gishiri mutanen ke rayuwa. Su kwaɓa ƙasa mai gishiri da ruwa, su tace a ƙananan ramuka, su bar wa rana ta shanye ruwan, sannan su kankare su cura. Suna da doka guda wadda ko yaro ya sani: ba a ɗora wa raƙumi curin gishiri sai an shanya shi ya bushe ƙarau, an ƙwanƙwasa shi da yatsa an ji ya yi amo. Wanda ya shiga kasuwa da curi mai danshi, sai a ce ya kawo ɗanyen kaya, yana sayar wa mutane ruwa. Ba abin kunyar da ya fi wannan a Tungar Zartsi. Akan goranta wa mutum da shi har jikokinsa.

Barmo shi ne gwanin gishirin garin. Curinsa in ka ƙwanƙwasa sai ka ji kamar ƙarfe. Maroƙin garin, Ɗan Tagwai, a ƙofar gidansa yake wuni. Ƙanensa Korau kuwa bai iya komai ba sai kiwon raƙuma. A lokacin Barmo yana son Korau ƙwarai, don ba wuya a so wanda ke ƙasa da kai.

Wata rana raƙumar Korau ta ɓace, ya bi sawunta har cikin Ƙirin, shi ma ya ɓace. Har an fara zaman makoki sai ga shi ya dawo, rigarsa jiƙe, gefenta da ɗan rawaya-rawaya. Bai kawo komai a hannu ba. Ya dai ce a haƙa gindin tsohuwar aduwa da ke bayan gari. Aka haƙa, ruwa ya ɓulɓulo, mai sanyi, mai daɗi, irin wanda tsofaffin garin ba su taɓa ɗanɗanawa ba. Aka sa wa rijiyar sunan Korau. Mata suka riƙa sa sunansa a waƙar daka. Ɗan Tagwai ya naɗe tabarmarsa daga ƙofar Barmo ya koma ƙofar Korau.

Tun daga ranar Barmo ya daina barci mai daɗi. Ya ƙi shan ruwan rijiyar, ya ci gaba da shan zartsi yana yamutsa fuska. In ya ji an ce “Rijiyar Korau” sai ya tashi ya bar wurin. Mahaifiyarsu, Inna Tabawa, ba ta kama sunan Barmo, don shi ne ɗan fari, kunyarsa take ji kamar yadda al'ada ta tanada. “Kai wannan” take ce masa. Shekara da shekaru bai damu ba, ya san darajarsa ce. Amma yanzu har wannan ya zame masa abin ƙyashi: ga ta nan, Korau kaza, Korau kaza, shi kuwa bakinta bai taɓa furta sunansa ba.

“Kai wannan,” in ji ta wata safiya, da ta ga ya ture kwaryar ruwan daɗi, “ruwan ma gaba kake yi da shi?”

“Ba na jin ƙishi, Inna.”

“Leɓenka kuwa ya tsage.”

Ya tashi ya nufi wurin Korau, ya same shi yana cire wa ɗan raƙumi kaska. Ya tsare shi sai ya faɗi abin da ya gani a cikin tsaunin. Korau ya faɗa masa: birni ne na aljannu, bangonsa na sheƙi rawaya. Sarauniyarsu ta ce ya zaɓa, ko aron ɓalli guda na bangon ya nuna wa mutanensa, ko ta gaya masa inda ruwan daɗi yake.

“Ka zaɓi ruwa,” in ji Barmo.

“Yaya, ai ruwan muke bukata.”

“Wawa! An kai ka birnin zinariya ka dawo hannu biyu, garin wawaye kuma na tafa maka. Tashi ka kai ni.”

“Yaya, ba zinariya ba ce, kuma wurin ba wurin zuwa sau biyu ba ne.”

“To faɗi gaskiya mana. Ba ka son wani ya gani sai kai.”

Korau ya sunkuyar da kai. Bai taɓa musa wa wansa ba tun rasuwar mahaifinsu. Ya ɗauki salka da sanda, ya shige gaba.

Suka shiga ta wata tsaga a gindin tsaunin, suka yi ta gangarawa har hasken rana ya ƙare, wani haske kore-kore mara inuwa ya karɓe su. Suka fito wani fili shimfiɗe da baƙaƙen duwatsu masu maiƙo kamar an shafa musu man shanu. Wurin da ɗumi, alhali ba rana ba wuta. Wani tsibin duwatsun ya motsa, ya miƙe, ya zama ƙato mai ido ɗaya a ƙirji.

“Amincin Allah ga mai zuwa da aminci,” in ji ƙaton. “Ni ne Baƙin Nauyi, mai gadin uwar dutse. Ba mai wucewa sai ya ɗauki ɗaya daga cikin 'ya'yan filin nan ya san abin da ya zo nema.”

Kowannensu ya ɗauki dutse guda, bai fi dunƙulen hannu ba, amma nauyinsa kamar na dutsen niƙa.

“Ku ji, ya 'yan Adam,” in ji Baƙin Nauyi. “Wannan baƙin shi ne uwa. Daga jikinsa ake haihuwar rawayan da kuka zo gani. Akwai wuta a cikinsa, ba ta da harshe, ba ta da hayaƙi, ba ta kuma mutuwa. Kada ku sa shi a aljihu. Kada ku yi matashi da shi. Kada ku ci abinci da hannun da ya taɓa shi sai kun wanke.”

Korau ya ajiye nasa nan take, ya wanke hannu da ruwan salka.

“Madalla da mai jin magana,” in ji ƙaton.

Wannan yabon ya soki Barmo. Ya ƙara damƙe nasa, ya ɗaga shi sama da kai, ya tsaya yana huci don a ga wanda ya fi ƙarfi. Baƙin Nauyi ya dube shi da idon ƙirjinsa, ya koma tsibin duwatsu. Da Barmo ya gaji ya yar, tafin hannunsa ya yi ja, bai dai ji zafi ba tukuna.

Suka ci gaba har bakin wani kogi wanda ba daga gabas ko yamma yake zuwa ba, daga sama yake ɗigowa, ɗigo-ɗigo, ta rufin kogon. Duk inda ɗigon ya sauka kan baƙin dutse sai wurin ya yi ɓawo rawaya, kamar furen bagaruwa. Wani tsohon aljani siriri, gemunsa na tsiyaya, yana zaune cikin kwalekwalen da aka sassaƙa da ƙashin kifi.

“Ni ne Ɗigau,” ya ce. “Ni nake kai wa uwar dutse ruwa da iska, ta ci, ta sake kama. Abin da kuke gani rawaya, baƙin nan ne ya sha ruwa ya canja hali. Ba na karɓar ladan fito sai amsa. Ku gaya mini, wa ya fi kowa amfani a garinku?”

Korau ya ce, “Ranka ya daɗe, yayana ne. Gishirinsa ya ciyar da ni da mahaifiyarmu tun ina ƙarami.”

Ɗigau ya juya ga Barmo. Barmo ya san amsar. Duk garin ya san ta, kowane tulu da ke kan mace ya san ta.

“Ya riga ya faɗa,” in ji shi. “Ni ne.”

“Ku shigo,” in ji Ɗigau.

Da suka kai tsakiya, gefen da Barmo ke zaune ya fara nutsewa. Ya koma ɗaya gefen, nan ma ya nutse. Ƙarshe dai sai a cikin ruwa ya ƙetare, riƙe da bakin kwalekwalen, ruwa har haɓa, wasu abubuwa masu sanyi suna shafar ƙafafunsa, Korau kuwa na zaune a bushe yana miƙo masa hannu. Barmo ya ƙi kamawa.

“Ba jikinka ke da nauyi ba, ya ɗan Adam,” in ji Ɗigau da suka isa gaci.

Daga nan sai ga birnin. Ba shi da ƙofa irin tamu. Falle ne bisa falle, bisa falle, tun daga ƙasa har inda ido ya gaza, kowanne siriri kamar fiffiken fara, rawaya kamar gwaiduwar ƙwai, haske na ratsa shi. Tsakanin falle da falle ruwa ne kwance, a cikin ruwan kuma aljannu ke kai da kawowa, da kasuwanninsu da 'ya'yansu. Sai da 'yan'uwan suka kwanta suka shiga a kaikaice, kamar yadda ake zura wuƙa cikin kube. Ruwan bai shaƙe su ba.

Aka kai su gaban sarauniyar, Uwar Raɓa. Fuskarta kamar ta yarinya, idanunta kamar na wadda ta ga farkon duniya. Ta yi wa Korau murmushi.

“Barka da dawowa, mai zaɓin kirki. Rijiyarka na nan?”

“Tana nan, ranki ya daɗe, muna godiya.”

Barmo ya haɗe rai. Har a ƙarƙashin ƙasa ma Korau ne. Ya matsa gaba ya ce, “Ranki ya daɗe, ni ne babba. Na zo karɓar abin da yaron nan ya bari don rashin wayo. Ina son ɓalli guda na zinariyar nan.”

Fadawa suka yi dariya, dariyarsu kamar tafasar tukunya.

“Ba zinariya ba ce, ya ɗan Adam,” in ji Uwar Raɓa. “Zinariya gawa ce, ba ta ci ba ta sha. Matso ka duba.”

Ta shafi idonsa da yatsa, sai ya ga cikin fallen. Saƙa ce kamar ta tabarma. A kowane ƙulli akwai ƙwayar baƙar uwar nan zaune, da turke ɗaya ya yi sama, ɗaya ya yi ƙasa, ga dogarai biyar kewaye da ƙugunta, kowane dogari ya riƙe hannun na maƙwabciya. Haka saƙar ta tafi ba iyaka.

“Fallen yana da ƙarfi a kwance,” in ji ta, “amma ba abin da ya haɗa shi da na samansa. Ruwan da ke tsakani shi ke kama turken sama ya kama na ƙasa, ya riƙe su a jere. Ruwan ba baƙo ba ne a cikin dutsen, ɗan gida ne. In ya fita, fallayen su zame, su tsattsage, birni ya zama gari kamar na tuwo. Shi ya sa muke zaune nesa da rana.”

“Na ji,” in ji Barmo, alhali ba abin da yake ji sai muryar Ɗan Tagwai a ƙofar gidansa.

“Aro muke bayarwa, ba kyauta ba. Ka kai, mutanenka su gani daga nesa, ka dawo da shi da ruwansa. Amma in an ɓalle ɓalli, gurbinsa ba ya zama wofi, sai rai ya zauna a ciki ya riƙe fallayen. Abin da ya sami dutsen a hannunka, shi zai sami wanda ke gurbin. Wa zai zauna?”

Barmo bai ko yi jinkirin kunya ba. Ya nuna ƙanensa.

Uwar Raɓa ta tambayi Korau ko ya yarda.

“Yayana ne, ranki ya daɗe,” in ji Korau. “Bai taɓa ɓata kayan da aka ba shi amana ba.”

“Kai, wannan ɗan Adam ɗin da kyawun zuciya yake,” in ji wani bafade. Barmo ya ji, ya ƙara a kan abin da ke cinsa.

Aka ɓalle ɓalli kamar faifai, aka naɗe shi cikin jiƙaƙƙiyar fatar akuya, aka rataya a ƙarshen sanda don kada ya taɓa jikinsa. Aka kwantar da Korau a gurbin, fallen sama ya sauko har ya kusa taɓa hancinsa.

“Ka riƙa yayyafa wa fatar ruwa,” in ji Uwar Raɓa. “Kada ka raba shi da danshinsa.”

“Sai ka dawo, Yaya,” in ji Korau daga cikin bango.

Barmo ya fito lafiya. Ɗigau ya ƙetarar da shi, Baƙin Nauyi bai motsa ba. A hanya ya riƙa yayyafa ruwa kamar yadda aka ce. Da hantsi ya iso wani falalen dutse da ake hango rufin gidajen Tungar Zartsi daga kansa, ya sauke sanda don ya huta. Ya dubi ƙunshin. Fatar na ɗiga, tsamo-tsamo, tana wari.

Nan fa tunanin mai sana'ar gishiri ya taso masa. Shi Barmo, wanda bai taɓa shiga kasuwa da curi mai danshi ba, yau zai ratsa gari da kaya yana tsiyaya? Ya ji muryoyin tun kafin a yi su. “Korau ya kawo mana ruwan sha, wansa ya kawo ɗanyen kaya.” Ya buɗe fatar, ya ƙwanƙwasa dutsen da yatsa. Bai yi amo ba, sai wata 'yar ƙara dusu-dusu, irin ta curin da bai nuna ba.

“Bai gama ba,” ya ce wa kansa. “Aljannu sun iya gini, amma ba su san shanya ba, ina suka ga rana? Ruwan ciki sarauniyar take nufi. Na waje kawai zan busar, ya yi ƙarfi, ya ƙara sheƙi.”

Maganar sarauniya ta faɗo masa, da fuskar Korau a ƙarƙashin fallen. Kada wani ya ce mantawa ya yi, bai manta ba. Ya dai ce a ransa, ɗan ƙishi kaɗan ba zai kashe mai rijiya ba. Har ya ji wani ɗan daɗi da ya faɗi haka. Ya shimfiɗa dutsen a kan falalen, ya karkata shi ga rana kamar yadda yake yi wa curinsa, ya koma inuwa.

Sai ga Inna Tabawa da ɗaurin kirare a ka.

“Kai wannan, kun dawo? Ina Korau?”

“Yana tafe, Inna.”

“Me ka shanya haka?”

“Abin da zai sa garin nan ya san wanda ya girmi wani. Kada ki matso.”

Ta dubi dutsen, ta dube shi, ta wuce.

Da rana ta take tsaka ya je ya duba. Sheƙin ya tafi. Rawayan ya dushe ya koma kamar tsohuwar rama, fuskar dutsen ta yi tsaga-tsaga. Ya kai yatsa ya ƙwanƙwasa, don hannun ya saba. Dutsen ya zube ya zama gari, ƙurarsa ta tashi ta shiga masa hanci da baki. Ya juye sauran ruwan salka a kai, ya zama taɓo, rana ta sake busar da shi yana kallo. A lokacin ne kuma tafin hannunsa ya fashe da ƙuna.

Ya tsaya tsakanin gari da tsauni. Zai iya shiga gari ya ce aljannu sun cinye Korau, a yi kuka, a gama, ya zama shi kaɗai. Ya yi tunanin haka, kuma ya daɗe yana yi. Abin da ya juya shi ba tsoron Allah ba ne, ba ni da dalilin yi masa ƙarya. Tuna muryar nan ya yi da ta ce “bai taɓa ɓata amana ba.” Ya kwashe garin dutsen cikin busasshiyar fatar, ya koma da gudu yana tari.

Baƙin Nauyi ya buɗe ido ya ce, “Ka dawo da sauƙin kaya.” Ɗigau ya ce, “Shiga ruwa, ka san wurinka.” Ya isa birnin ya tarar gefe guda na bangon ya dushe, fallaye sun zame, aljannu na kwashe 'ya'yansu daga wurin. A cikin gurbin ga Korau, fatarsa ta tsattsage kamar gindin ramin gishiri a bazara, leɓensa fari, numfashi sama-sama.

Barmo ya zube gaban Uwar Raɓa ya buɗe fatar.

“Ranki ya daɗe, a zuba masa ruwan kogi.”

“Ruwan da rana ta ɗauka ba ya dawowa mazauninsa, ya ɗan Adam. Ko ka zuba kogin duka, taɓo za ka samu. Abu ɗaya ke ɗaure garin nan, yawun wanda ya busar da shi, in ya fito tare da gaskiya. An tambaye ka a bakin kogi ka ba da amsar ƙarya. Durƙusa kan garin, ka faɗi alherin ƙanenka. Kowace gaskiya ɗigo guda. Ka hanzarta, yana tafiya.”

Barmo ya durƙusa ya buɗe baki. Ba yawu ko kaɗan, harshensa kamar tsumma. Mutumin da ya ƙetare kogin aljannu ruwa har haɓa, ga shi ya kasa furta kalma guda.

“Ya... ya iya kiwon raƙumi,” ya ce da ƙyar.

Ɗigo ɗaya ya faɗa, ƙarami kamar ƙwayar gero.

“Rowa har a nan?” in ji Uwar Raɓa.

“Ba ya ƙarya. Ba ya riƙe mutum a zuciya. Ran da na doke shi a kan curin da ya fasa, shi ya kawo mini tuwo da yamma.” Ɗigo, ɗigo. “An ba shi zaɓi ya zaɓar wa gari, ni na zaɓar wa kaina. Ruwan rijiyarsa ya fi gishirina amfani. Na sani tun ranar farko, shi ya sa na ƙi sha.”

Garin ya fara haɗuwa, amma tsakiyarsa na nan a bushe. Numfashin Korau ya tsaya. Barmo ya san maganar da ta rage. Ya runtse ido.

“Ya fi ni,” ya ce. “Korau ya fi ni.”

Bakinsa ya cika da yawu, ya zubo. Garin ya dunƙule ya zama dutse. Amma ba dutsen da aka ba shi ba ne. Wannan ya fi ƙanƙanta, ya dushe, haske ba ya ratsa shi.

“Wani dutse ne yanzu,” in ji Uwar Raɓa. “Ƙanen na farko ne, ruwansa bai kai na wancan ba, fallayensa sun zauna a karkace. Zai toshe gurbin, amma har abada ba zai koma yadda yake ba. Haka ma wanda ya zauna dominsa.”

Aka jawo Korau. Ya buɗe ido, ya yi numfashi, hannuwansa suka motsa. Ƙafafunsa kuwa sun bushe kamar itace.

“Yaya, ka dawo,” ya ce.

Barmo ya goya shi. A kogi kwalekwalen Ɗigau ya ɗauke su duka biyu bai karkata ba. Suka fito, tsagar tsaunin ta rufe a bayansu.

Mutanen Tungar Zartsi suka hango Barmo tafe, hannu a ƙone, yana tari, ƙanensa a baya. Gari ya ruɗe. Kafin su kai gida labari ya gama kansa: aljannu sun kama Korau, wansa ya shiga har fadarsu ya ƙwato shi. Ɗan Tagwai ya dawo da tabarmarsa ƙofar Barmo, ya kama kirari. “Barmo gagara aljan! Barmo mai shiga wuta don ɗan'uwa! Wa ke da wa irin na Korau?” Mata suka sa sunansa a waƙar daka. Duk abin da ya yi shekara yana ƙishirwarsa, aka juye masa a ka.

Korau bai faɗi komai ga kowa ba. Da ya ga wansa ya tsaya kamar gunki, sai ya taɓa kafaɗarsa ya ce, “Yaya, ɗaga musu hannu mana, kai ake kira.” Barmo ya ɗaga ƙonannen hannun, aka yi sowa. Ya so ya yi magana, ya ji bakin ya sake bushewa. Gaskiyar da ya iya faɗa a gaban aljannu ta gagare shi a gaban mutane.

Da taro ya watse, Inna Tabawa ta zauna tana shafa wa ƙafafun Korau man shanu. Matar ɗan gishiri ce, uwar ɗan gishiri. Ta bi tsagar fatar da yatsa, a hankali, daga gwiwa har idon sawu. Ta san yadda abin da wuta ta ƙona yake, ta san yadda abin da rana ta busar yake. Ta tuna falalen dutse, da abin da aka shanya a kai, da “yana tafe, Inna.”

Ta ɗago kai ta dubi ɗanta na fari a tsakiyar ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

“Barmo,” ta ce. “Miƙo mini ruwa, Barmo.”

Ya ji sunansa a bakinta, sau biyu, kamar yadda take kiran kowane ɗan maƙwabta. Kunyar ta ƙare. Ya tashi ya ɗebo daga randa, ruwan Rijiyar Korau, ya durƙusa ya miƙa. A waje Ɗan Tagwai na ta kirari.

Ya rayu ya tsufa yana tari, yana goyon ƙanensa zuwa bakin rijiya kowace safiya, gari na yaba masa. Mahaifiyarsa kuwa har ta koma ga Allah da sunansa take kiransa.